Tarihin Kilo, Mega da Giga: Yadda Ɗafa-goshi Ɗaya Ya Samu Ma'ana Biyu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya sayi faifan ajiya da aka rubuta terabayit 1 a kwalinsa, in ya jona shi da kwamfuta mai aiki da Windows, zai ga an nuna masa gigabayit 931. Ba a tauye masa mudu ba. Abin da ya faru shi ne kamfanin da ya ƙera faifan da kamfanin da ya rubuta manhajar suna amfani da kalma ɗaya, amma kowa da abin da yake nufi da ita. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan saɓani, domin darasi ne ga ɗalibin harshe a kan abin da ke samun kalma idan aka aro ta daga wani fage zuwa wani.

2.0 Asalin Kilo da Ƴan'uwansa

A ranar 7 ga Afrilu, 1795, gwamnatin juyin juya halin Faransa ta kafa dokar awo da mita. Kafin wannan lokaci kowane yanki na ƙasar da ma'auninsa, kamar yadda tiyar wannan kasuwa kan bambanta da ta waccan. Dokar ta gina awo a kan tsarin goma-goma, ta kuma samar da ɗafa-goshi da za a riƙa liƙa wa sunan ma'auni. An ciro kilo daga kalmar Girkanci mai nufin dubu, saboda haka kilomita mita 1,000 ce, ba ragi ba ƙari.

A 1960 babban taron awo na duniya ya zauna a Faris, ya tabbatar da mega, wato miliyan ɗaya, da giga, wato miliyan dubu, da tera, wato miliyan sau miliyan. Su ma daga Girkanci suke: mega na nufin babba, giga ƙato, tera kuwa dodo. An ƙara peta da eksa a 1975, zeta da yota a 1991, sannan rona da kweta a 2022. Kowane ɗaya ya ninka na bayansa sau dubu cif.

3.0 Yadda Kwamfuta Ta Ari Kalmar

Kwamfuta ba ta ƙirga da goma-goma. Tana aiki da tsarin bibbiyu, wato 0 da 1. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi ake kira bit, sunan da John Tukey ya ƙirƙiro, Claude Shannon ya fito da shi a rubuce a 1948. A 1956 Werner Buchholz na kamfanin IBM ya ƙirƙiro kalmar bayit don tarin bit da ke ɗaukar harafi guda. Bayan fitowar kwamfutar System/360 a 1964, sai bayit ya zauna a kan bit 8.

A ƙwaƙwalwar kwamfuta kowane gurbi yana da adireshinsa, kuma da wayoyi ake nuna adireshin. Waya ɗaya na iya nuna gurbi 2, wayoyi biyu gurbi 4, uku gurbi 8, haka abin ke ninkawa har wayoyi goma su kai gurbi 1,024. Injiniyoyin shekarun 1960 suna bukatar gajeren suna ga wannan adadi da suke ambata kullum. Da suka ga 1,024 ya yi kusa da 1,000, sai suka ari kilo. Bambancin kashi 2.4 ne cikin ɗari, kuma masu amfani da kalmar ƴan kaɗan ne da suka san abin da suke nufi.

Sai dai ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Masu ƙera faifan ajiya ba su da wannan tilas na wayoyin adireshi, don haka suka tsaya a kan goma-goma. Faifan farko na IBM, na 1956, da haruffa miliyan 5 aka bayyana girmansa. Haka ma masu harkar sadarwa: a wurinsu kilobit a daƙiƙa bit 1,000 ne, kuma haka yake har yau.

4.0 Lokacin Ruɗani

Ƙaramin giɓi ya riƙa faɗi yayin da ma'adanai ke girma. Mega na bibbiyu 1,048,576 ne, ya ɗara miliyan da kusan kashi 5 cikin ɗari. A giga bambancin ya wuce kashi 7, a tera kuwa ya kusan kashi 10. Daga nan ne gigabayit 931 ɗin nan ya fito.

Babu misalin da ya kai filofin da ya yaɗu daga 1987, wanda aka sani da megabayit 1.44. Ainihin abin da yake ɗauka bayit 1,474,560 ne, wato 1,440 sau 1,024. Megan da ke jikinsa 1,000 sau 1,024 ne: bai zama na goma-goma ba, bai zama na bibbiyu ba, jemage ne, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Haka kuma an auna megabayit 700 na faifan CD da bibbiyu, alhali gigabayit 4.7 na DVD da goma-goma aka auna shi.

A Amurka maganar ta kai kotu. Masu saye sun yi ƙarar kamfanonin faifai cewa an sayar musu da abin da bai cika ba. Western Digital ya yi sulhu a 2006, Seagate a 2007, ba tare da sun amsa laifi ba. Shi ya sa ake ganin ɗan rubutu a kwali mai cewa gigabayit 1 daidai yake da bayit 1,000,000,000.

5.0 Ƙirƙirar Sababbin Kalmomi

A Disamba 1998 hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, mai mazauni a Janeba, ta amince da sababbin ɗafa-goshi, aka buga su a farkon 1999. Dabarar ginin kalmomin abin lura ce. An ɗauki gaɓar farko ta tsohuwar kalma, aka haɗa da bi, gaɓar farko ta kalmar Turanci mai nufin tsarin bibbiyu. Aka samu kibi, mebi, gibi da tebi, masu alamomin Ki, Mi, Gi da Ti. Kibibayit bayit 1,024 ne, kilobayit kuwa aka mayar da shi 1,000 na asali.

Karɓuwarsu rabi da rabi ce. Manhajoji da yawa na Linux suna amfani da su. Apple ya koma ƙirga da goma-goma a 2009. Windows na raba adadi da 1,024 amma yana rubuta KB da GB, masu sayar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ma haka. A bakin jama'a kuwa da wuya a ji wani ya ce gibi.

Saura tarko ɗaya, na saurin intanet. Ana auna sauri da bit, ana auna ajiya da bayit, kuma a Turanci ƙaramin b da babban B kaɗai ke raba su. Layi mai megabit 8 a daƙiƙa megabayit 1 yake saukewa a daƙiƙa. Faransanci ya kauce wa wannan da kalmar octet, mai ɗauke da ma'anar takwas, wadda ta ba da Mo da Go da ake gani a wayoyi a Nijar.

6.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa hukuma na iya ƙera kalma mai kyawun gini, amma masu magana ne ke yanke mata hukunci, musamman idan ta iso bayan shekara talatin da kafuwar wata. Hausa ta riga ta ari kilo a wajen mahauta, ta ari mega da giga a wajen masu sayar da data. Aikin da ke kan mai fassara shi ne, duk inda ya ci karo da ɗayansu a takardar ciniki ko littafin makaranta, ya binciki ko dubu ake nufi ko 1,024, ko bit ko bayit, kafin ya ɗora alƙalami.