Alamomin Garkuwar Jiki da Tsananin Cututtukan Numfashi: Wane Ma'auni Ya Dace da Dakoro?

Idan hunturu ya kankama a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, tari da mura sukan cika gidaje. Yawancinsu bairos ne ke kawo su, kuma sukan wuce da kansu. Wuyar aikin likita ita ce gane yaron da ciwonsa zai gangara huhu tun numfashinsa bai sarƙe ba.

Annobar korona, wadda ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, ta tabbatar da cewa jini kan ba da labari da wuri. Idan kumburi ya tsananta, sinadarin IL-6 yakan zaburar da hanta ta fitar da furotin ɗin CRP da yawa, fararen ƙwayoyin jini nau'in limfosayit kuma su ragu. A gwajin RECOVERY na Birtaniya, an ba da maganin tocilizumab ga masu ƙarancin iska a jini waɗanda CRP ɗinsu ya kai miligiram 75 a lita, mace-mace kuma suka ragu.

Sai dai ma'aunin da aka yanka a jikin manyan Turai ba zai zauna daidai a jikin yaron Dakoro ba. Zazzaɓin cizon sauro shi kaɗai yakan ɗaga CRP, ko da huhu lafiya lau yake. Tamowa mai tsanani kuwa takan raunana martanin jiki har yaro ya ɗauki muguwar cuta ba zazzaɓi. Baƙon dauro ma, kamar yadda binciken da mujallar Science ta buga a 2019 ya nuna, yakan share kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in garkuwar da yaro ya tara. Lamba ɗaya tana iya tsorata likita a banza, ko ta kwantar masa da hankali alhali yaro na cikin haɗari.

Don haka, a fara da abin da ke hannu: ƙidayar numfashi, inda alamar haɗari ita ce 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, da 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sai na'urar yatsa mai nuna ko iskar jini ta faɗi ƙasa da kashi 90. Gwajin jini ya biyo baya a asibitin gunduma, tare da gwajin zazzaɓin sauro da awon damtse don gano tamowa. Wajibi ne kuma cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai da likitocin Maraɗi su auna waɗannan alamomi a jinin yaranmu, domin a san lambar da ke nufin haɗari a nan.