Daga Gagare Zuwa Kainji: Tarihin Binciken Ruwa da Yadda Aka Tafiyar da Shi

Ruwan da ya sauka da damina a ƙasar Ƙauran Namoda ya kan gangara cikin gulbin Gagare, na ƙasar Zurmi kuwa ya bi Bunsuru. Su biyun su kan nufi wajen Shinkafi, su zama gulbin Rima, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, su zarce su faɗa Kwara sama da Yawuri. Daga nan ba su da mazauni sai tafkin Kainji. Sabo da haka, ko da ya ke babu teku a Arewa, labarin masanan da suka zauna bakin wannan tafki don su san halin ruwa da kifi, labari ne da ya shafi masuncin Zurmi kamar yadda ya shafi na Yawuri.

Dabarar a ɗora wa jami'a aikin binciken ruwa, a kuma ɗora mata kai sakamakon ga masu sana'a, daga Amurka ta fito. Tun cikin 1862 gwamnatinsu ta yi doka ta ba kowace jiha filaye don ta kafa kwalejin noma, cikin 1914 kuma aka ƙara musu aikin aika malaman gona ƙauyuka. Da aka ga amfanin wannan, sai wani masani mai suna Athelstan Spilhaus ya ba da shawara cikin 1963 a yi wa teku irin abin da aka yi wa gona. Abin mamaki, shi a Jami'ar Minnesota ya ke aiki, can tsakiyar ƙasa, nesa da teku. Cikin 1966 shawarar ta zama doka, aka kira shirin Sea Grant. Ƙa'idarsa ita ce gwamnatin tarayya ta ba da dala biyu, jiha ko jami'a ta kawo ɗaya, kuma bincike da koyarwa da zagayen masunta duk su zauna ƙarƙashin inuwa guda. Cikin 1971 aka tabbatar wa jami'o'i huɗu na farko wannan matsayi, daga baya har aka shigar da na bakin manyan tafkunan ruwan daɗi na arewacin ƙasar.

A Nijeriya abin ya biyo wata hanya dabam. An fara ginin madatsar Kainji cikin 1964, aka gama cikin 1968. Don wutar lantarki aka yi ta, ba don kifi ba. Amma ruwan da ta tare ya yi tafki mai tsawon kilomita wajen 130, ya cinye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, har aka ta da mutum wajen 44,000 aka sake musu mazauni. Masana suka ga lalle a ƙidaya abin da ke cikin Kwara tun ba a toshe ta ba, in ba haka ba, ba wanda zai iya faɗin abin da madatsa ta sāke. Cikin 1965 wata ƙungiya daga Jami'ar Liverpool ta Ingila ta zo ta yi wannan aiki. Malaman Jami'ar Ife suka ɗauki sha'anin ruwa da halittun cikinsa, na Ibadan suka dubi zaman mutanen da aka tayar da sana'o'insu. Watau dai da hannun jami'o'i aka aza harsashin.

Ba su daɗe da riƙon ragamar ba. Cikin 1968 Gwamnatin Tarayya ta kafa Shirin Binciken Tafkin Kainji da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka danƙa gudanarwa ga hukumarta ta abinci da noma. Da wa'adin baƙi ya cika, cikin 1975 aka mai da shirin cibiya mai zaman kanta a Sabuwar Bussa. A shekarar ce kuma aka kafa ta binciken teku a Ikko, da ta tafkin Cadi a Maiduguri. Cikin 1987 aka sāke mata suna, ta zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya. Suna ya yi girma, amma ita ba ta jami'a ba ce, ta ma'aikata ce, kuma an yi ta sauya mata uwa: yau tana hannun masu kula da kimiyya, gobe tana hannun masu kula da noma. Kowace sauyawa kuwa sai an sāke koyon ƙofar da a ke bi a karɓo kuɗi.

Aikin kai ilmi ga talakawa, shi kuma yana wani gida. Tashar gwajin noma ta Samaru, wadda aka buɗe cikin 1922, ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Shekara guda bayan haka aka kafa sashen da zai riƙa ɗauko abin da masu bincike suka gano ya miƙa wa malaman gona, da ƙasidu da shirye-shiryen rediyo cikin Hausa. Shi ma cikin 1987 aka ba shi ƙasa duka. Wannan shi ne ɗan'uwan shirin Amurka na kusa, sai dai gyaɗa da auduga da dawa su ne suka raine shi, kifi baƙo ne a gidan. Ga masanin kifi a Bussa, ga mai yaɗa labari a Zariya, ga mai ikon doka a ma'aikatun jihohi, abin da aka haɗa wuri ɗaya a can, a nan an raba shi uku.

Tafkin da kansa ya nuna illar rabuwar. Shekarun farko, da ruwa ya kwanta kan gonaki da dazuzzuka, kifi ya sami abinci ya yi ambaliya. Sarkawa da sauran masunta suka yi ta kwararowa, har kamun 1971 ya kai ton wajen 28,000. Zuwa 1978 ya faɗo ƙasa da 5,000. Ba duka laifin masunta ba ne, don haka sabon tafki ya kan yi in ƙoshin farko ya wuce, amma raga mai ƙananan idanu ta ƙara wa Barno dawaki. Masana sun rubuta haka a rahotanninsu, da Turanci, a ajiye cikin kabad. Mai jan taru bai san an yi ba.

Sai cikin 1993, da aka soma wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, aka koma ga abin da ya kamata a fara da shi. Aka ƙidaya jirage da kayan su ƙauye ƙauye, aka zauna da sarakunan ruwa da masu sarautar Yawuri da Bargu, aka sa su cikin kwamitocin ba da lasin. Babbar rigimar ita ce ta dala, tarun nan mai ido kamar gidan sauro da a ke ja don kama warangi, wanda ba ya barin 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa. An hana shi da doka, hanin kuwa ya fi kamawa inda sarkin ruwa ya yarda da dalilin, ya faɗa wa mutanensa da bakinsa. Ba sabon abu ba ne ga masunta: tun kafin Turawa sarkin ruwa ke rufe gurbi, ba mai taɓa shi sai ranar da ya buɗe.

Can sama kuwa, inda ruwan ya taso, al'amura sun sāke ba tare da irin wannan zama ba. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato cikin 1978, wani masani daga Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da ita ya tarar ambaliya ta ragu, noman fadama da su duk sun ja baya. Cikin 1984 aka gama ta Goronyo a kan Rima, ta tsaya tsakanin Shinkafi da Kwara, a kan hanyar da kifi ke bi ya hauro da damina don ya yi ƙwai. Gagare da Bunsuru gulaben damina ne, da rani sai yashi da 'yan gurabu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a Sakkwato cikin 1975, tana da sashen nazarin kifi, kuma mazauninta na dindindin a gefen fadamar Rima ya ke, ƙasa da Goronyo.