Lissafin ɗan aji biyar kafin zuwan naira

'Yan'uwa marubuta, sau da yawa mukan rubuta labarin ɗan firamare na shekarun 1960, sai mu ɗora masa lissafin yau. Alhali kafin 1 ga Janairu 1973 babu naira a Nijeriya. Abin da ake so yaron aji biyar ya ƙware a kai shi ne fam da sule da kwabo: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. In malam ya ce a haɗa sule 7 da kwabo 9 da sule 5 da kwabo 8, sai yaro ya tara kwabo 17, ya cire 12 ya mayar da su sule, amsa ta zama sule 13 da kwabo 5. A wannan mayarwar ce bulala ta fi sauka.

Da naira ta zo da kwabo 100, sai kuɗi ya koma goma-goma. Amma yara ba su huta ba, domin lissafin zamani da aka fara tsarawa a Entebbe ta Yuganda tun 1962 ya rikita malamai da iyaye, har Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya soke shi a 1977.