Amsoshin Takardunku: Bikin Akwasidae na Tonawa

Wani mai sayar da goro daga Bena, ƙasar Zuru, yana tambaya: wane biki Tonawan Kumasi ke yi wa sarakunansu na da?

To malam, sunansa Akwasidae, ana yin sa ran Lahadi duk bayan kwana 42. Sarkin Asante kan kai wa baƙaƙen kujerun magabata abinci da abin sha, sannan ya zauna a fadar Manhyia hakimai su kawo caffa. Tun zamanin Osei Tutu, wanda ya kafa daular wajen 1701, Kujerar Zinariya ce ran ƙasarsu. Da Gwamna Hodgson ya nemi a ba shi ita a 1900, yaƙi ya ɓarke, Yaa Asantewaa ta ja daga. Turawa sun ci yaƙin, amma kujera ta gagare su.