Yadda ƙwayoyin halitta ke kashe kansu domin jiki ya rayu

A kowace rana biliyoyin ƙwayoyin halitta ne ke mutuwa a jikin mutum mai ƙoshin lafiya, bisa wani tsari da ke cikin su kansu ƙwayoyin.

Ta wannan hanya ce jiki ke kawar da ƙwayoyin da suka tsufa, ko suka lalace, ko kuma aka gama amfani da su. Da ita ce kuma tantanin da ke haɗe yatsun jariri a cikin mahaifa ke narkewa har yatsun su rabu.

A shekarar 1972 ne wasu masana uku a Jami'ar Aberdeen da ke Scotland, wato John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, suka raɗa wa tsarin suna afoftosis, daga wata kalmar Girkanci da ke nufin zubar ganye daga bishiya.

Daga baya binciken da aka yi a kan wata ƙaramar tsutsa ya nuna cewa daga cikin ƙwayoyi 1,090 da take yi yayin girmanta, guda 131 ne ke mutuwa a ko da yaushe. Wannan aiki ya sa Sydney Brenner da Robert Horvitz da John Sulston suka samu lambar yabo ta Nobel a shekarar 2002.

Mabuɗin na hannun mitokondiriya

Kamar yadda jiki ke da gaɓoɓi, haka ita ma ƙwayar halitta ke da ƙananan sassa, kowanne da aikinsa. Wanda ya fi tasiri a wannan al'amari shi ne mitokondiriya, sashen da ke sarrafa abinci da iskar da aka shaƙa domin samar wa ƙwayar ƙarfi.

Idan ƙwayar ta samu mummunar illa, wasu furotin biyu da ake kira Bax da Bak kan huda tantanin da ke lulluɓe da mitokondiriya. Daga nan sai wani sinadari mai suna saitokurom si ya kwararo, ya tayar da wasu furotin masu aiki kamar almakashi, waɗanda ake kira kasfes.

Su ne ke daddatsa kayan cikin ƙwayar, yayin da cibiyarta, inda sinadarin gado na DNA yake, ke tsukewa tana farfashewa. A ƙarshe ƙwayoyin da ke share jiki su haɗiye gutsattsarin ba tare da wurin ya kumbura ba.

Masani Xiaodong Wang da abokan aikinsa a Amurka ne suka gano rawar da saitokurom si ke takawa a shekarar 1996.

Sauran sassan ma na da nasu hannu. Sashen da ke naɗe furotin kan aika da sinadarin kalshiyam zuwa mitokondiriya idan gurɓatattun furotin suka taru a cikinsa. Haka kuma laisosom, wanda ke narkar da sharar ƙwayar, idan ya tsage, sinadaran da ke cikinsa kan tunzura mutuwar.

Idan tsarin ya baci

Ƙwayar da ta ƙi mutuwa alhali ta lalace na iya ci gaba da hayayyafa har ta zama cutar sankara. Furotin p53, wanda ke ba da umarnin mutuwa idan DNA ya lalace, ya kan samu tangarɗa a kusan rabin cututtukan sankara da ke kama bil'adama.

Idan kuwa mutuwar ta wuce kima, akan yi asarar ƙwayoyin da jiki ke buƙata, kamar yadda ke faruwa a ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki.

A shekarar 1988 David Vaux da abokan aikinsa a Ostireliya suka nuna cewa furotin Bcl-2 na hana ƙwayoyi mutuwa. Wannan sani ne ya kai ga samar da maganin venetoclax, wanda ke danne Bcl-2 domin ƙwayoyin sankara su mutu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 2016, domin jinyar wani nau'in sankarar jini.