Daga Kududdufi Zuwa Burtsatse: Tarihin Ruwan Shanmu da Gubar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya tashi a garinmu kafin shekarun 1970 ya san cewa ruwan sha bai wuce na rijiya da na tafki ba, sai na rafi idan damina ta kankama. Abin da iyayenmu suke tsoro a cikinsa abu ne da ake gani ko a ji a jika: laka, gudawa, da uwa uba kurkunu, wanda kan kwantar da magidanci daidai lokacin noman farko. Maganin da suka sani shi ne a tace da ƙyalle, a jefa alif a randa, a bar ruwa ya kwanta.

Farin 1973 ya ƙafar da rijiyoyi da yawa a ƙasar Hausa, daga nan hukumomi suka mayar da hankali ga haƙa burtsatse, aikin da ya ƙara yaɗuwa bayan kafa DFRRI a 1986. Ba mu raina wannan alheri ba. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa cutar ta ƙare a ƙasar. Sai dai mun fito daga wancan zamani da wata fahimta guda: in dai ruwa ya fito daga ƙasa mai zurfi, garau, ba wari, to ya tsarkaka. A nan gizo yake saƙa.

Ruwan da ya daɗe kwance cikin duwatsu yakan narkar da abin da ke jikinsu. 'Yan'uwanmu na Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga haka da idonsu. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan wata rijiya mai zurfi, mutane suka yi murna, suka yi ta sha har kimanin shekara 15. Ashe ruwan yana ɗauke da sinadarin fuloraid ninki uku ko fiye na abin da aka amince, wato miligiram 1.5 a kowace lita. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya yi yawa sai haƙora su rine, su yi ja, sa'an nan ya shiga ƙashi. Ɗaruruwan yaran Tibiri suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe, iyaye suna ta neman dalili a wurare dabam-dabam, alhali dalilin yana cikin randa. Irin wannan ya faru a Bangaladash, inda aka haƙa miliyoyin rijiyoyi tun daga shekarun 1970 don gudun kwalara, sai a 1993 aka tabbatar da gubar arsenik a cikinsu.

Wannan daga ƙasa yake, ba laifin kowa ba ne sai na wanda bai auna ba. Akwai kuma wanda muke zubawa da hannunmu. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 takin zamani ya zama ruwan dare a gonakinmu, kuma abin da shuka ba ta sha ba ruwan sama yakan tafi da shi ƙasa a matsayin sinadarin naitiret. Haka ma masai da turken dabbobi. A da gida yana da fili, rijiya gabas, masai can yamma. Yau an raba gado, an yanka filaye, sai ka tarar taku biyar ne tsakanin rijiyar wani da shaddar maƙwabcinsa. Babba ba ya jin komai. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa, idan naitiret ya haura miligiram 50 a lita, jininsa yakan kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓɓansa su yi shuɗi.

Mafi muni a tarihinmu na kusa shi ne abin da ya auku a Zamfara a 2010. Zinariya ta yi tsada, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma, suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna niƙawa. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ce ta fi yin ɓarna, amma tafkunan da ake wanke garin dutsen su ma sun gurɓace. Yara fiye da 400 suka rasu, waɗanda suka tsira kuma da yawansu dalma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ku da kuke birni ma kada ku ɗauka kun tsira. Masana'antun jima na Kano suna aiki da sinadarin kuromiyam, kuma an daɗe ana samunsa a ruwan da ke malala daga Sharaɗa da Chalawa zuwa kogi.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne, yawancin burtsatsen da ake haƙawa a gida yanzu da kuɗinku ake yi, ko ta hannun ƙungiya ko don sadaka ga iyaye. Mun sha halartar bikin buɗe su. Akan faɗi zurfin rijiya da kuɗin da ta ci, amma da wuya a ji an karanta takardar gwajin ruwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, ba ta fitar da dalma ko fuloraid ko naitiret, hasali ma ƙara musu kauri take yi yayin da ruwa ke ƙonewa. Shawararmu ga kwamitin ayyuka ita ce a sa kuɗin gwaji cikin kasafin kowace rijiya, a kai ruwan ɗakin awo na hukumar ruwa ko na jami'a kafin a buɗe, a maimaita a tsakiyar damina, kuma kada a haƙa ƙasa da mita 30 daga masai.