Zaɓen ƙaramin akwatin kwamfutar wasanni don ajiyewa a falo

Ƙananan akwatunan kwamfuta, waɗanda cikinsu bai kai lita 20 ba, galibi suna ɗaukar babban allo samfurin Mini-ITX ne, mai santimita 17 kowane gefe, wanda kamfanin VIA na Taiwan ya ƙirƙiro a 2001.

Sai dai katin sarrafa hoto shi ne abin lura, domin ya fi komai tsawo da fitar da zafi. Alal misali, akwatin Node 202 na kamfanin Fractal Design, mai kimanin lita 10, ba ya ɗaukar katin da ya zarce santimita 31.

Saboda haka ya kamata a auna katin kafin sayen akwati.

Haka kuma, rufe shi cikin kabad ɗin talabijin kan hana shi iska, kwamfutar ta rage gudu, ƙarar fankokinta ta cika falo.